Sisterdale da Comfort: Inda 'Yan Boko Suka Riƙi Garma

Daga birnin San Antoniyo na jihar Teksas a Amurka, tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota zuwa tsaunukan da ke arewa maso yamma. Ƙasa ce ta farin dutse da gajerun itatuwa, awaki da tumaki na kiwo a bayan shingen waya. Mun bi hanyar ne mu 'yan ɗalibai a wani hutu, don mu ga ƙauyuka biyu da ake ce wa mazaunansu na farko "manoman Latin".

Sunan zolaya ce. Jamusawa ne da suka yi jami'a, malamai da likitoci da lauyoyi, waɗanda suka iya karanta Latin amma ba su taɓa ɗaura wa sa garma ba. Wasu sun iso a 1847, wasu kuma bayan da juyin juya halin 1848 ya ci tura a Jamus, hukuma ta shiga farautar masu neman 'yanci.

Gwajinsu na farko bai yi armashi ba. A 1847 wasu samari kimanin 40 suka kafa wani mazauni mai suna Bettina a bakin kogin Llano, bisa sharaɗin komai na kowa ne. Ba a daɗe ba aka fara gardama kan wa ke aiki, wa ke zaman inuwa, kuma da tallafin da ake ba su ya yanke, cikin kusan shekara guda kowa ya kama gabansa. Duk wanda ya taɓa yin aikin rukuni a aji ya san yadda irin wannan ke ƙarewa. Amma ko a can, likitansu Ferdinand Herff ya yi wa wani shugaban ƙabilar Komanci aikin yanar ido, ya kuma warke.

Sisterdale, wanda Nicolaus Zink ya kafa a 1847, shi ne zangonmu na farko. Yau in direba bai rage gudu ba sai ya wuce shi bai sani ba: 'yan gine-gine, tsohon zauren rawa, da gidan gurzar auduga da aka mayar wurin yin giyar inabi. A nan Ottomar von Behr ya yi kiwon tumaki, yana kuma ba maƙwabta aron littattafansa. A nan Ernst Kapp, malamin labarin ƙasa da aka taɓa ɗaurewa a Jamus saboda rubutunsa, ya koyi noma da sassaƙa da hannunsa. Bayan ya koma gida ya wallafa littafi a 1877 inda ya ce kayan aiki ƙarin gaɓoɓin mutum ne, guduma dunƙulen hannu ce da aka ƙara wa ƙarfi. Muna ganin sai wanda tafinsa ya yi kanta zai kai ga wannan tunani.

Wanda ya fi burge mu shi ne Jacob Kuechler, ɗaya daga cikin samarin Bettina, wanda ya karanci ilimin gandun daji a Giessen, ya kuma zauna yana noma da aikin safiyo a yankin Fredericksburg, arewa da nan. A shekarun 1850 fari ya addabi yankin, manoma suka shiga tunanin ko ƙasar ma za ta zaunu. Ba wanda ya ajiye lissafin ruwan sama na shekarun baya. Sai Kuechler ya koma ga itatuwa. Kowace shekara itace na ƙara zobe ɗaya a cikin kututturensa; shekarar da damina ta yi kyau zoben kan yi faɗi, shekarar fari kuma ya tsuke. Ya ƙirga zobban tsofaffin itatuwa, ya kwatanta su da juna, ya fitar da jerin shekarun ruwa da na fari na fiye da shekara 100, aka buga a 1859. Abin da jerin ya nuna wa manomi shi ne fari a nan baƙo ne mai zuwa ya tafi, kuma zai sake dawowa. Ga mai shawarar ko ya sayar da shanunsa ya yi ƙaura, wannan ya fi masa Latin amfani nesa ba kusa ba.

Wata gudummawar ita ce makaranta da jarida. August Siemering ya koyar da yaran manoma a yankin, daga baya ya shiga cikin waɗanda suka kafa jaridar San Antonio Express a 1865. Suna kuma noma auduga da hannunsu a jihar da manyan gonaki suka dogara da bayi. Matafiyi Frederick Law Olmsted, da ya ziyarce su a 1854, ya rubuta cewa audugar Jamusawa ta fi tsafta, ta kuma fi daraja a kasuwa. A wannan shekarar ce taron Jamusawa a San Antoniyo ya fito fili ya kira bauta mugun abu. Maƙwabta masu bayi ba su manta ba.

Daga Sisterdale muka gangara Comfort, wanda aka kafa a 1854 a kusa da kogin Guadalupe. Mazaunansa na farko sun fi damuwa da makaranta, don sai a 1892 aka gina coci na farko a garin. A gefen wani titi akwai dogon farin dutse mai tsini, an sassaƙa masa sunaye da rubutun Jamusanci mai nufin biyayya ga Tarayya. Da yaƙin basasa ya ɓarke, Teksas ta bi 'yan Kudu masu bauta, yawancin mutanen nan kuma suka ƙi shiga sojanta. Sama da 60 suka nufi Meziko. Da asubar 10 ga Agusta, 1862, sojojin Kudu suka far musu a bakin kogin Nueces, suka kashe 19 nan take, sannan suka harbe waɗanda suka ji rauni. Eduard Degener na Sisterdale ya rasa 'ya'yansa maza biyu a ranar. Kuechler, wanda ke yi musu jagora, ya tsira.

Sai da yaƙi ya ƙare a 1865 dangi suka je suka kwaso ƙasusuwan, aka binne su a nan, aka kafa dutsen a 1866. Tutar da ke gefensa mai taurari 36 ce, irin ta wancan zamani, kuma kullum ƙasa-ƙasa take.