Daga Balleyara zuwa Tukunus: wa ke auna aikin taimako?

Mai karatu, in ka bar Yamai ka nufi arewa maso gabas, kilomita wajen 180 ke tsakaninka da Filinge. Daga Balleyara, inda kasuwar Lahadi ke tara dabbobi da fatake, hanya na bin Dallol Bosso, tsohon kwarin da ruwansa ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya shaida. Duwatsu ja sun yi masa katanga, gawo ya yi masa inuwa, kuma ruwa bai da nisa a ƙarƙashin yashi. Bayan Bonkuku sai ƙasar Kurfai.

Abin da ya ɗauki hankalina a wannan tafiya shi ne alluna. A bakin gari bayan gari akwai allon ƙarfe mai ɗauke da sunan furoje da tutar ƙasar da ta ba da kuɗi. Wasu sun yi tsatsa har ba a iya karanta su. Sai na tambayi kaina: bayan motocin kat-kat sun koma Yamai, me ya rage?

Kurfayawa sun san baƙi da alkawuransu. A Cikal ne, cikin 1925, Shibo da mabiyanta suka fara abin da aka sani da Hauka, suka ƙi biyayya ga Nasara da sarakunan da ya naɗa. Bayan yunwar 1973, wannan gari ya karɓi wasu baƙi daga Kanada, waɗanda suka kawo aikin Tapis Vert don farfaɗo da ƙasar da ta gaji.

Babban darasi kuwa yana cikin furojen bunƙasa noma na jahar Yamai, wanda Amurka ta tallafa ta hannun USAID tun ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Filinge ke cikin wannan jaha. Ana ɗaukar manomi da matarsa su yi damina guda a cibiyar horo, su koma gida da garmar shanu da amalanke a kan bashin bankin manoma, CNCA. A takarda komai ya cika: an horar da mutane, an raba kaya. Amma a gonar yashi, inda ruwan sama ba ya da tabbas, amfanin da aka samu bai kai ya biya bashin ba. Da farin 1984 ya zo, shanu suka mutu ko aka sayar da su, bankin ma daga baya ya durƙushe. Amalanke ne manoma suka riƙe, domin ɗaukar kaya na kawo kuɗi rani da damina.

Cikin shekarun 1990 Jamusawa suka zo da wani salo, ta furojen PASP a arewacin Tillaberi: jera duwatsu a gona, haƙa rabin-wata da tassa a kan fako, domin ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. Ba injin da zai lalace, ba bashi a wuyan kowa. Har yau ana ganin layukan duwatsun a jikin tudu. Sai dai wani dattijo da muka zauna da shi a gindin gawo ya tuna mini cewa gyaran gonar mutum ɗaya ya fi ɗorewa bisa gyaran makiyayar gari, domin abin kowa ba shi da mai tsaro.

A arewa da Filinge akwai Tukunus, inda tun 1954 ake zaɓen irin shanun Azawak, jajayen nan masu nono da jure ƙishirwa. Beljik ma ta sa hannu wajen yaɗa irin. A nan awo ba shi da wuya. Makiyayi ba ya bukatar rahoto: ya san ko maraƙin bijimin Tukunus ya fi na maƙwabcinsa, matarsa kuma ta san yawan cukun da take kaiwa kasuwa.

Su ma masu ba da taimako suna da ma'auninsu. Kwamitin ƙungiyar OCDE ya tsara shi a 1991, ya sabunta shi a 2019: dacewar aiki da bukata, jituwarsa da sauran ayyuka, cimma buri, tsimin kuɗi, tasiri da ɗorewa. Sanarwar Paris ta 2005 ta ƙara da cewa ƙasar da ake taimaka wa ce za ta ja ragama. Ma'aunin bai da laifi. Matsalar ita ce wanda ke riƙe da shi. Sau da yawa ƙwararre kan zo na ƴan kwanaki, kafin a rufe aiki, ya rubuta rahoto da Faransanci ko Ingilishi, ya kai wa wanda ya biya shi. Ta yaya za a san ɗorewar rijiya tun ana cikin bikin buɗe ta? Rashin tsaro a jahar Tillaberi ya ƙara nisanta mai awo da abin da yake aunawa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙasashen Yamma da dama sun dakatar da taimako, a 2025 kuma aka rufe USAID ɗungurum. Wannan ya nuna cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ya kamata kowane aiki a koma a duba shi bayan shekara 5 da rufewa, a karanta sakamakon da Hausa da Zarma da Tamashek a dandalin gari, a tambayi mata masu jan ruwa tun kafin a tambayi darakta. Ɗan kasuwa ba ya ƙara jari a hajar da bai lissafa ribarta ba. Ma'aikacin da ke sa hannu a takardar furoje shi ma haka ya kamata ya yi, domin wani taimakon rance ne, kuma ƴaƴanmu ne za su biya.

Da la'asar na baro Filinge, amalanken jaki na gabanmu da lodin kara.