Kambirij, Garin da Ya Reni Pink Floyd

Jirgin ƙasa mai sauri daga tashar King's Cross ta Landan ba ya cika awa ɗaya kafin ya sauke ka a Kambirij. Galibin fasinjojin da muka sauka tare jami'ar garin suka zo gani, wadda tarihinta ya faro tun 1209. Ni kuwa sawun wasu samari na biyo, waɗanda suka tashi a nan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka kafa ƙungiyar makaɗa ta Pink Floyd, har kiɗansu ya zagaye duniya.

Daga tashar, taku kaɗan za ka yi ka hau titin Hills Road. A kan wannan titi Syd Barrett ya girma, a kansa kuma makarantar da ya yi tare da Roger Waters take, ko da yake yanzu ta sauya suna. Waters maraya ne, an kashe mahaifinsa a fagen daga a Anzio ta ƙasar Italiya a 1944, shi yana jariri, kuma wannan rashi ya bi shi cikin waƙoƙinsa har tsufa. David Gilmour ma ɗan garin ne. Shi da Barrett sun haɗu a kwalejin fasaha, inda sukan zauna lokacin hutun rana suna koya wa juna kaɗa jita. Hills Road titi ne mai tsafta, kekuna sun fi motoci kai da kawo, gidajen jan bulo a jere kowanne da ɗan lambunsa. Babu wani abu a wurin da zai nuna maka cewa nan ne mafarin ƙungiyar da ta sayar da faya-fayai sama da miliyan 200.

A Landan aka ɗaura ƙungiyar a 1965. Waters ya je karatun zanen gine-gine a kwalejin Regent Street, ya haɗu da Nick Mason mai ganga da Richard Wright mai fiyano, sannan Barrett ya iso karatun zane a Camberwell. Barrett ne ya raɗa mata suna, ya haɗa sunayen wasu baƙaƙen makaɗan Amurka biyu, Pink Anderson da Floyd Council. Da kwaikwayon kiɗan baƙar fatar Amurka suka fara, kamar sauran samarin Ingila na lokacin, kafin su kama hanyar da ake kira rok mai dogon zango, inda waƙa ɗaya kan cinye fuskar faifai sukutum, tana sauya taki da launi tana tafiya.

Mai masaukina dattijo ne sa'an waɗannan makaɗa. Da ya ji abin da ya kawo ni, sai ya ce in dakata sai bayan cin abincin dare. Muna gamawa ya shiga ɗaka ya rungumo wani baƙin akwati da hannu biyu ya ajiye a tebur. Shi ne kundin The Early Years 1965–1972, wanda ƙungiyar ta fitar a watan Nuwamba na 2016. An kasa shi kashi 7, kowanne kamar littafi mai kaurin bango, faya-fayan sauti da na bidiyo sun haura 30 idan aka haɗa da ƙananan baƙaƙen faya-fayai 5 irin na da. Dattijon ya goge hannunsa kafin ya buɗe. Ya riƙa zaro kwafen tikitoci da takardun tallar wasa ɗaya bayan ɗaya yana shimfiɗawa, yana nuna mini da ɗan yatsa sunan kowane zaure da garin da yake.

Ya fara sa mini naɗin 1965. Muryar Barrett ce ta yaro ɗan shekara 19 ko ƙasa da haka, yana rera "I'm a King Bee" ta Slim Harpo, kiɗan bai gama nuna ba, kowa na jan nasa. Daga nan muka shiga 1967, shekarar da suka zama taurarin kulob ɗin UFO da ke titin Tottenham Court Road, inda ake haska musu fitilu masu narkewa kamar mai a kan ruwa, Barrett yana goga ƙarfen kyastu a kan tsirkiyar jita yana fitar da kukan da ba a taɓa ji ba. A shekarar suka saki "Arnold Layne" da "See Emily Play", suka naɗi faifansu na farko, The Piper at the Gates of Dawn, a ɗakin naɗin EMI na Abbey Road, daidai lokacin da Beatles ke aikin Sgt. Pepper a ɗaki na kusa.

Abin da ya fi burge ni shi ne abubuwan da ba su ɓoye ba. Akwai hirar talabijin ta BBC ta watan Mayun 1967, inda masanin kiɗa Hans Keller ya tsare Barrett da Waters yana tambayarsu dalilin da ya sa kiɗansu ke da ƙara haka, ya nuna a fili bai gamsu ba. Da wasu ne, da sun binne wannan hira. Su kuwa sai suka gyara hotonta suka saka ta a kundin tarihinsu. Haka kuma "Vegetable Man" da "Scream Thy Last Scream", waƙoƙin da Barrett ya tsara lokacin da hankalinsa ya fara gushewa, waɗanda aka riƙe kusan shekara 50 ba a fitar ba, duk suna ciki.

Labarin Barrett mai taɓa zuciya ne. Shan ƙwayar LSD da larurar ƙwaƙwalwa suka taru a kansa, har ya zama yakan tsaya a dandamali yana kallon sarari. Aka kira Gilmour ya tallafa, sannan wata rana a Janairun 1968, a hanyarsu ta zuwa wasa a Southampton, ba su biya sun ɗauki Barrett ba. A Afrilu aka sanar da rabuwa. Sauran kashin kundin labarin mutane huɗu ne da suka rasa jagora suna lalube: kiɗan fina-finai irin su More da Zabriskie Point, wasa da Frank Zappa a Amougies ta Beljiyam a 1969, gwaji da ƙungiyar masu ƙaho da mawaƙan amshi a Atom Heart Mother na 1970. Wasu gwaje-gwajen sun zauna, wasu sun watse. Sai a 1971 suka samu bakin zaren da "Echoes", mai tsawon minti 23, wadda suka kaɗa a tsohon filin wasan Pompeii babu ɗan kallo ko ɗaya. Kunnen da ya saba da Bakandamiyar Shata ba zai ga tsawon nan abin mamaki ba, domin ya san akwai waƙar da sai an ba ta fili take miƙe ƙafa. Kundin ya tsaya a 1972, gab da fitowar The Dark Side of the Moon a Maris na 1973, wato a daidai inda duniya ta fara saninsu sosai.

Da safe na bi gefen kogin Cam da ƙafa zuwa ƙauyen Grantchester. Fadama ce shimfiɗaɗɗiya, shanu na kiwo ba mai kora, ɗalibai na tura kwale-kwale da dogon gora. Waters ya yi wa wannan fadama waƙa a faifan Ummagumma na 1969, kuma da na tsaya a wurin sai na gane daga inda natsuwar da ke ratsa kiɗansu ta fito. A cikin gari na leƙa zauren Corn Exchange, inda Barrett ya yi wasanninsa na ƙarshe-ƙarshe a Fabrairun 1972, kuma a 2016 aka kafa masa abin tunawa a ciki. Shekaru bayan waɗannan wasanni ya dawo Kambirij da zama gaba ɗaya, yana zane yana gyaran lambu, ba ya son a tayar masa da zancen da, har ya rasu a Yulin 2006. Abokansa sun tabbatar kuɗin waƙoƙinsa na isa gare shi, kuma sun yi masa "Shine On You Crazy Diamond" a 1975.

Na ƙaunaci mutanen nan saboda yadda suke riƙon tarihinsu. Wani ya adana tef, wani ya adana tikiti, gidajen talabijin na Faransa da Jamus da Beljiyam suka adana hotuna, shi ya sa bayan rabin ƙarni aka iya tattara komai wuri ɗaya. Da rarrafe yaro kan tashi, amma ba kowane gwani ke yarda a ga rarrafensa ba. Pink Floyd sun yarda, kuma duk matashin makaɗin da ya saurari naɗin 1965 sannan ya saurari "Echoes" zai san cewa shekara shida na naci da haƙuri ne suka raba su.