Abin Da Ya Same Mu A Kan Tafkin Inari

 Tun da muka dawo, duk wanda ya tare mu a majalisa tambayarsa ɗaya ce: "Sakatare, hoton nan na babur a kan ƙanƙara da gaske ne?" Da gaske ne. Maimakon mu riƙa ba da labarin gutsi-gutsi, ga shi nan gaba ɗaya, har da wurin da muka ji kunya.

Ƙanenmu da ke aikin jinya a Rovaniemi, can arewacin ƙasar Finlan, shi ya gayyace mu a watan Fabrairu. Da muka kwana biyu sai ya ce, "Yaya, ba za ka koma Legas ba sai ka hau babur ɗin ƙanƙara." Muka shiga mota muka ƙara yin arewa fiye da kilomita 300 zuwa garin Inari. Garin yana bakin wani tafki mai faɗin sama da murabba'in kilomita 1,000, da tsibirai fiye da 3,000. Idan sanyi ya kankama samansa yana daskarewa, dusar ƙanƙara ta rufe shi, ya koma fili fari fat, har a kafa sanduna don nuna hanya.

Babur ɗin ba shi da taya. A gaba yana da dogayen ƙafafu biyu masu santsi da ke sulɓi, a baya kuma wani faffaɗan bel na roba mai haƙora ke tura shi. Ba a sa giya. Totur ɗinsa ɗan maɓalli ne da ake dannawa da babban yatsan dama, birki yana hagu, kuma hannuwan da ake riƙewa suna ɗaukar ɗumi don kada yatsu su sandare.

Asalinsa ba abin wasa ba ne. A shekarar 1934, a ƙauyen Valcourt na ƙasar Kanada, ɗan wani makaniki mai suna Joseph-Armand Bombardier ya rasu yana ɗan shekara biyu, domin dusar ƙanƙara ta toshe hanyar asibiti. Mutumin ya duƙufa har ya fito da motar ƙanƙara mai ɗaukar mutum bakwai a 1937, sannan ƙaramin babur ɗin Ski-Doo a 1959. A farkon shekarun 1960 ya iso wurin mutanen Sami, 'yan asalin wannan yanki, masu kiwon wata irin barewa mai rassan ƙaho. Har yau da shi suke bin garkensu.

Mu shida ne da injina, ban da jagora, wani dattijo marar yawan magana. Kafin mu tashi ya rubuta sunayenmu, da hanyar da za mu bi, da lokacin dawowa, ya bar takardar a hannun abokin aikinsa. Ya sa muka cire singiletin auduga muka sa ta ulu, domin auduga tana riƙe gumi, gumin kuma ya koma ya zama sanyi a jiki. Aka ba mu hular kwano da manyan takalma. Sannan ya kafa mana doka biyu: kowa ya bi sawun na gabansa, kuma kowa ya riƙa waiwayen na bayansa, in bai ga fitilarsa ba ya tsaya. Ya ce injin nan a awa ɗaya zai kai mutum inda ba zai iya dawowa da ƙafa a yini guda ba.

Mun ji, amma kunne ne kawai ya ji. Kun san kafin mu yi difloma shekara bakwai muka yi muna acaba a Agege. Wanda ya ratsa tsakanin tirela da danfo, fili fetal zai ba shi tsoro? Mu ne a ƙarshen layi, mu ke tuƙi, ƙanenmu a baya. Doka a can ta yarda a yi gudun kilomita 80 a awa a kan tafki, amma dattijon nan ko rabin haka bai kai ba. Sai muka ja baya da gangan don a bar mana tazara, muka karkata dama inda ba wanda ya taka, muka danna totur.

"Yaya, a bi sawu," in ji ƙanenmu.

Bai rufe baki ba muka ji injin ya yi nauyi kamar mai tafiya a cikin kunu. Muka saki totur, wanda shi ne kuskure na biyu, domin a irin wannan wuri gudu ne ke fitar da mutum. Bayan babur ɗin ya nutse. Muka sauko don mu tura, sai ƙafarmu ta dama ta zurma, ruwa ya cika takalmi.

Daga baya aka yi mana bayani. Ƙanƙarar da ke ƙasa ba ta fashe ba, tana nan da kaurinta. Nauyin dusar da ta taru ne ke danna ta, ruwa ya tsattsafo ta tsagogi ya kwanta a samanta, dusar kuma ta lulluɓe shi kamar bargo ta hana shi daskarewa. Daga sama ba abin da ido zai gani. Shi ya sa ake bin sawu: inda aka tattaka ya riga ya yi tauri.

Sanyin ranar ya kai digiri 24 ƙasa da sifili. Muka ciro waya, allonta ya yi haske sau ɗaya ya mutu, domin sanyi yana shanye batir. Fitilun abokan tafiya sun ɓace a bayan wani tsibiri. Ba mu taɓa jin shiru irin wannan ba. Ba tsuntsu, ba iska, sai numfashinmu. Yatsun ƙafa suka yi zogi, can kuma suka daina, sai muka ga fuskar ƙanenmu ta canza. Shi ya san ma'anar hakan. Mu kuwa abin da ya zo mana shi ne yara huɗu a gida, da yadda za a ce babansu ya rasa ƙafa wajen nuna bajinta.

Wata tsohuwa mai furfura ce a gabanmu, wadda tun da safe muke yi wa kallon raini saboda tafiyar hawainiya. Ita ce ta waiwaya ba ta ga fitilarmu ba, ta tsaya. Na gabanta ya ga haka ya tsaya, haka har saƙon ya kai ga jagora ba tare da kowa ya yi magana ba. Cikin mintuna kaɗan ga su nan. Dattijon bai yi mana faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Suka tattake dusar gaban injin, suka ɗaga bayansa, suka ja shi ya fito, ya kakkaɓe jiƙaƙƙiyar ƙanƙarar da ta cushe a bel tun kafin ta daskare.

Ya kai mu wata 'yar bukkar katako a bakin gaɓa. Irin waɗannan bukkoki suna nan warwatse a dajin, hukumar gandun daji ke kula da su, ba a kulle su, ba a biyan ko sisi. Akwai murhu da itace da gatari. Mun tarar da matafiya biyu suna hutawa, suna ganinmu suka tashi suka ba mu wuri. Jagora ya ce al'adar ke nan: wanda ya zo ƙarshe shi ya fi cancanta, domin na farko ya riga ya ji ɗumi.

Muka miƙa ƙafa wajen wuta, ƙanenmu ya janye ta. Ya ce ba a gasa ta kuma ba a murza ta, domin fatar da ba ta ji za ta ƙone mai ita bai sani ba. Ya ɗaga rigarsa ya ɗora ƙafar a kan cikinsa, yaron da muka goya. Da jini ya dawo, zafin ya sa muka yi hawaye, shi kuwa sai dariya yake, ya ce, "Alhamdu lillahi Yaya, tunda tana ciwo tana da rai."

Kafin mu fita, dattijon ya faskara itace ya jera, ya fere ƙirare ya ajiye kusa da ashana, saboda wanda zai zo da hannuwa a sandare. Ba zai taɓa sanin ko wane ne ba.

Ga yaranmu da ke karatu a Kanada da sauran ƙasashen sanyi, in an gayyace ku ku je, abin sha'awa ne. Amma kada ku fita ku kaɗai, ku bar wa wani labarin inda kuka nufa, ku riƙe safar ulu ta canji, waya kuma a aljihun ciki.

A bukkar akwai littafin da baƙi ke rubutu. Da yake rubutu ne aikinmu, muka sa kwanan wata, muka rubuta da Hausa: "Mun zo a jiƙe, mun tafi a bushe. Mun gode wa wadda ta waiwaya."