Mai Ɗebo Mana Ruwa

A gidan kallon unguwarmu na fara ganin The Waterboy, ba da jimawa ba bayan fitowarsa a 1998. Kaset ne da ya sha hannu, hoto na rawa, janareta na ruri a bayan katanga. Turancin Adam Sandler ba ya shiga kunnenmu, ƙwallon Amurka kuwa ba mu san kanta ba, amma ba mu nemi tafinta ba. Ga Bobby Boucher, ɗan shekara 31, mai ba 'yan wasa ruwa a Luwiziyana, ga i'ina, ga mahaifiya ta hana shi sakat. Da an zolaye shi ransa ya ɓaci, sai ya kwasa a guje ya yi sama da ƙato. Har benci girgiza yake don dariya.

A ƙarshen bencin nan akwai ɗan maƙwabtanmu. Ya girme mu, sai dai fahimtarsa ta tsaya a ta yaro, kuma shi ke kawo mana ruwa filin firamare duk la'asar in muna wasa. Jarka ce ruwan ɗorawa, da kofin roba ɗaya da ya ɗaure a mariƙinta da zare. Ba ya miƙa wa na gaba sai ya ɗauraye kofin, ko ana daka masa tsawa ya yi sauri. Tun daga daren nan sunansa ya koma Bobi. Yana amsawa da fara'a, a ganinsa girma aka ba shi. Mu kuwa mun san abin da muke nufi.

Fim ɗin bai taɓa cewa Bobby na da raunin ƙwaƙwalwa ba, har jarrabawa ma ya ci. Amma muryar da tafiyar an tsara su ne don a yi musu dariya. Abin da ya fi tsaya mini a rai yanzu shi ne, ba wanda ya ga mutuncinsa sai da aka gano yana iya kayar da mutane. Namu Bobin ba ya kayar da kowa.

Daga baya na ga The Ringer na 2005, inda Johnny Knoxville ya yi ƙaryar nakasa don ya ci gasar Special Olympics, wadda Eunice Kennedy Shriver ta assasa a 1968. Masu gasar sun amince da fim ɗin, kuma a cikinsa 'yan wasan ne suka fara gano maƙaryacin. Wanda ya sa ni ƙwalla shi ne Campeones na Sifaniya, na 2018, da ya ci kyautar Goya. Masu nakasar gaske ne suka fito a matsayin 'yan ƙwallon kwando, barkwancin daga bakinsu yake fitowa, kocinsu mai girman kai ke shan kunya. Amurkawa sun sake yin sa a 2023 da Woody Harrelson.

Har yau ina kewar gidan kallon nan, da ƙanshin gyaɗa da ihun yara. Amma duk shekarun da bawan Allah nan ya yi yana zuwa fili, ba mu taɓa sa shi a wasa ba, ko na minti biyar. Masu kulob a unguwanni, in akwai irinsa a bakin filinku, ku ba shi riga ya shiga, ku kuma kira shi da sunan da iyayensa suka raɗa masa.