Kangon Maƙera A Dajin Dean

Wanda ya shiga dajin Dean, can yammacin Ingila kusa da iyakar Wales, zai rantse gatari bai taɓa shiga cikinsa ba. Ni ma haka na zata, har ranar da na bi wata 'yar hanya kusa da garin Coleford, na yi kiciɓis da kangon Darkhill: katangun dutse ba rufi, ciyawa ta haye ko'ina. Ashe ma'aikatar narka tama ce, wadda David Mushet ya gina a 1818.

Tun zamanin Rumawa ake haƙar tama a dajin nan, ana sare itatuwansa ana yin gawayi. Amma abin da ya tsai da ni a kangon labarin Robert ne, ɗan Mushet ɗin. A 1856 Henry Bessemer ya fito da dabarar yin baƙin ƙarfe da yawa kuma da araha, sai dai ƙarfen nasa ba ya da ƙwari, da an buga shi sai ya tsage. Robert ne ya gano maganin abin a nan dajin, watau a zuba wa narkakken ƙarfen wani ƙarfe mai sinadarin manganis. To, waɗanda ya amince wa ba su biya kuɗin sabunta rajistar dabarar ba, ta zama ta kowa. Wasu suka kuɗance, shi kuwa bashi ya yi masa katutu. Sai da 'yarsa Mary, tana da shekara 16, ta tafi London ta tunkari Bessemer a 1866, sannan aka yanka wa uban fam 300 kowace shekara. A ganina wannan ba ladan aiki ba ne, toshiyar baki ce.

Yaƙin Duniya na Biyu ma ya bar sawunsa. Sojan Amurka sun jibge harsasai da bama-bamai a ƙarƙashin itatuwan nan don kada jiragen Jamus su hango su.

Babban ramin kwal na ƙarshe, Northern United, an rufe shi a 1965. Duk da haka tsohuwar doka tana nan: ɗan yankin da ya cika shekara 21, ya kuma yi shekara guda da kwana ɗaya yana aiki a rami, yana da iznin haƙar kwal don kansa. 'Yan ƙalilan suna yi har yau.