Yadda Littafin Kawu Ya Koya Mini Lissafi

Ni mutumin Karaye ne, kuma tun da na shiga makaranta babu abin da ya gagare ni kamar lissafin sain, wato layin nan mai hawa da sauka kamar tafiyar maciji. Sau biyu ina faɗuwa jarrabawa a kansa, har malam ya ce in na sake, sai maimaita aji. Babana kuwa gyaɗarsa ya sayar ya biya mini kuɗin makaranta.

Da hutu ya zo na tafi Rogo gai da kawuna, wanda ladan ne. Na iske shi da wani tsohon littafi, inda yake rubuta lokacin fitowar rana da na faɗuwarta, shekara guda cur. Na ce, "Kawu, a ba ni aronsa." Ya ce, "Ɗauka, ɗana, amma kada ka ɓata."

Na fitar da tsawon kowane wuni, na ɗiga a takarda, na haɗa ɗigon. Sai ga macijin nan da ya hana ni barci!

Wuni mafi tsawo, wajen 21 ga Yuni, minti 770 ne. Mafi gajarta, wajen 21 ga Disamba, 686. Na haɗa su na raba biyu, na sami 728, wato tsakiyar layin. Na ɗebe ƙaramin daga babban na raba biyu, na sami 42, iyakar nisan da yake yi daga tsakiya ke nan. Zagayensa kwana 365. Yana ƙetare tsakiya yana hawa wajen 21 ga Maris, kwana na 80 a shekara. Saboda haka:

tsawon wuni = 728 + 42 sain [360 × (kwana − 80) ÷ 365]

Na gwada da 1 ga Mayu, kwana na 121. Lissafi ya ce minti 755, littafin kawu ya ce 752. Kawu ya yi murmushi ya ce, "Minti ukun nan, bar wa Mai rana."

Da na koma makaranta na ci jarrabawa, alhamdu lillahi. To, 'yan'uwa, in an ba ku irin wannan layi kada ku firgita. Ku tambaye shi abu huɗu: ina tsakiyarsa, ina iyakar hawansa, nawa ne zagayensa, ina ya soma? Gani ya kori ji. Wassalam.