Wasiƙar Yaya Daga Ingila Da Rigimar Kuɗin Gas

Yau zancen da na kawo muku na ƙasar Ingila ne, amma ina zato duk macen da ta taɓa ƙirga kuɗin cefane ta ga ba su kai ba za ta gane shi.

Yayata tana can, ta bi maigidanta da ya je karatu. Cikin hunturun 1922 ba a haife mu ba, to amma na 2022 ita ta sha shi. Ta rubuto mini cewa da rana kashe abin ɗumama ɗaki take yi, ta sa wa yara riguna uku uku, sai maigida ya kusa dawowa ta kunna. Ku sani a can gas ba na girki kaɗai ba ne kamar namu na tukunya. Ta bututu yake shigowa gida, da shi ake ɗumama ɗakuna da ruwan wanka. Wanda ya rasa shi da sanyi, ciwo ne zai kwantar da shi.

Ga yadda abin ya faru. Akwai wata hukuma, Ofgem, ita ke yanka iyakar farashin da kamfanoni za su caji mutane. A watan Afrilu 2022 ta ɗaga iyakar, har kuɗin gas da lantarki na matsakaicin gida ya tashi daga fam 1,277 zuwa fam 1,971 a shekara. Dalili kuwa gas ya yi tsada a kasuwar duniya; bayan an yanka wannan iyakar kuma ya ƙara tsada da Rasha ta afka wa Yukiren a watan Fabrairu. Da aka ce zai kai fam 3,549 a Oktoba, sai gwamnati ta tsayar da shi a fam 2,500, ta ɗauki biyan sauran daga baitulmali.

Mutane suka yi haƙuri, suka ce yaƙi ne. Ana nan sai a Fabrairu 2023 kamfanin Centrica, watau uwar British Gas, ya bayyana ribarsa ta 2022: fam miliyan 3,300, ninki uku da ɗoriya na shekarar da ta gabata. To, nan fa gari ya ɗauka! Jaridu da 'yan majalisa suka ce yaya za a yi talaka na rawar ɗari, kamfani na ƙirga riba haka? A wannan watan kuma jaridar The Times ta tona cewa masu karɓar wa British Gas bashi suna shiga gidajen mutane da takardar kotu, suna kafa musu mitar da sai ka biya kafin ka sha, har gidajen marasa lafiya da masu ƙananan yara. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya dakatar.

Ni da na fara karantawa raina ya ɓaci ƙwarai. Amma a kwalejin horon malamai an koya mana kada mu yanke wa lissafi hukunci sai mun duba layi layi. Da na duba, ashe cikin wannan riba, abin da aka samu daga sayar wa gidaje wuta da gas fam miliyan 72 ne, kimanin kashi 2 cikin 100. Mafi yawa daga haƙo gas, da tashoshin lantarki, da saye da sayarwa a babbar kasuwa ya fito. Kamfanin ya riƙe wannan hujja, ya kuma tuna wa mutane cewa ƙananan kamfanoni da yawa sun karye tun 2021 don ba su da ajiya.

Hujja ce, ban musa ba. Amma ku dubi mai gona da ke da rumfa a kasuwa. In ya ce ai a rumfa kwabo kaɗai yake ci, alhali hatsin daga rumbunsa yake, kuma yunwa ce ta ninka masa farashi, aljihun ai guda ne. Shi ya sa a ganina gwamnati ta yi daidai da ta ɗora wa masu haƙo mai da gas haraji na musamman a watan Mayu 2022.

Rigimar ma tsohuwa ce. Da can British Gas na gwamnati ne, sai a 1986, zamanin Margaret Thatcher, aka sayar wa 'yan kasuwa. A 1995, don fushin ƙarin albashi na kashi 75 cikin 100 da aka yi wa shugabansa Cedric Brown, har alade aka kai wurin taron masu hannun jari, aka laƙaba masa sunan mutumin. Turawa ma in sun fusata ba su da kunya!

Duk wannan na rubuta wa Yaya, shafi biyu cur. Amsarta gajera ce. Ta ce, "Malama, na ga lissafinki. Ki aiko wa yara da yaji da kuka, miya mai zafi ta fi mana amfani."